Kujerar da Yaya Ya Ce Ta Maƙale

Allah ya karɓi ran Yayana da hantsin wata Talata, a gidansa na unguwar Hindawiyya a nan Makka, yana zaune bakin ƙofa da kofin shayi a gabansa, ko rabi bai sha ba. Bayan La'asar aka sallace shi a Harami, muka kai shi makwancinsa. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, a wannan babu mai gardama. Amma kaburburan garin nan ba a sa musu suna, nan da ɗan lokaci ko ni da na zuba masa ƙasa ba zan iya nuna inda yake ba. Shi ya sa ni, direban bas a tashar Kudai, wanda ba ya riƙe biro sai in za a sa hannu, na ce bari in rubuta abin da na sani game da mutumin nan kafin tsufa ya kwashe mini shi.

Da Magariba aka jera kujeru a lungunmu yadda ake yi a nan, mu dangi a sahu ɗaya, masu gaisuwa suna bi suna miƙa hannu. Direbobin tasi na unguwa suka zo gaba ɗayansu, har da waɗanda Yaya ya sha kora daga gareji saboda ba sa canja baƙin mai a kan kari. Wani dattijo mutumin Damagaram ya riƙe hannuna ya ce, "To yanzu wa zai ƙara sauraron mota ya faɗi ciwonta tun ba a buɗe ta ba?" Maƙwabcinmu, wani tsohon Balarabe mai sayar da turare, kuka yake yi sosai, yana kiran Yaya da sunan da Larabawa suka san shi da shi, Abu wane. Sai kuma samarinmu haihuwar nan, masu magana rabi Hausa rabi Larabci. Waɗannan ko addu'ar ba su ƙarasa ba idonsu ya tafi ƙofar farfajiya, inda motar Yaya take a lulluɓe. Ɗaya har ya sunkuyo ya ce mini, "Ya Ammi, sayyarar fa, wa zai ɗauka?" Na ce masa ya shanye gahawarsa ya ba mutane wuri.

A farkon sahu ɗan farin Yaya ne a tsaye, ya fi duk wanda ke wurin tsawo, ya ɗora nauyinsa a kan ƙafar dama yadda ya saba. Ta hagun zazzaɓi ya taɓa ta tun yana goye, ta rage ƙarfi. Daga Jidda ya zo, inda yake aiki a shagon waya. Idonsa a bushe yake. Ranar da aka tashi zaman makoki, ana kwashe kujeru, ya ja ni gefe.

"Ammi," ya ce. Haka yake kirana, baffa ke nan da Larabci. "Na yi magana da Umma da ƙanwata, sun bar mini zaɓi. Motar nan sayar da ita zan yi. Akwai mai so a Jidda."

"Motar ubanka?"

"Na'am, motarsa. Ita ce 'yarsa ai. Ni ban san matsayina a wurinsa ba. Khalas, a ɗauke ta in daina ganinta."

Maganar nan ta soke ni, har yau ina jin ta. Ba ƙarfen nake ji ba. Tsorona shi ne yaron nan ya ƙare rayuwarsa yana ganin ubansa bai taɓa son sa ba, ni kuma da na san Yaya tun muna cin tuwo a kwano ɗaya a Kano, ba ni da abin da zan nuna masa in ƙaryata shi.

Yaya mutumin da ne, irin na gidanmu. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane. Kunya ce, haka muka tarar, haka mahaifinmu ya yi wa shi Yayan kansa. A Kano babu yaron da zai ɗauki wannan da zafi, tunda gidan maƙwabta ma haka ake yi. Amma wannan a Makka aka haife shi, ya tashi yana ganin Balarabe ya sumbaci goshin ɗansa a tsakiyar kasuwa yana ce masa habibi. Abin haushi abin dariya, a nan da sunan ɗan fari ake kiran uba. Duk Hindawiyya, daga mai burodi har kafilinsa, wato Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, da sunan yaron suke kiran Yaya, shi kuwa bakinsa bai taɓa furta sunan ba. "Wancan" yake cewa. In suna ɗaki ɗaya ni ne wayar tsakaninsu: "Ka tambayi wancan ko ya ci abinci." Wancan kuwa ga shi nan zaune, gwiwarsa tana kusan taɓa tasa.

Na sha yi masa faɗa, don ni ba na iya haɗiye magana. "Yaya, nan fa ba Kano ba ce. Yaron nan bai san wannan karatun ba, gani yake ƙiyayya ce."

"Kai dai bakinka ya fi injin bas ɗinka ƙara," in ji shi, sai ya ci gaba da abin da yake yi.

Motar daga tashlih ya samo ta, wato inda ake jibge matattun motoci ana sayar da kayansu, a shekarar da jirgin ƙasan alhazai ya fara aiki. Tsohuwar motar tsere ce ta Japan, ƙirar shekarun saba'in, ƙofa biyu, kujera biyu, dogon hanci, kalar zoɓo da rana ta cinye. Har kyanwa ta haihu a cikinta. Na ce, "Yaya, gawa ka sayo, ko za mu yi mata sutura ne?" Bai kula ni ba. Lokacin ɗan nasa yana gida, saurayi ne sosai. Ya fito ya dinga zagaya ta, yana shafa bayanta, yana leƙa ciki ta tagar da babu gilashi. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske irin na ranar ba. Sai idonsa ya sauka ƙasan sitiyari, ya ga abin takawa uku ne, akwai kuloci, shi kuwa otomatik kaɗai ƙafarsa take bari ya tuƙa. Ya saki ƙofar ya koma ciki. Yaya yana gefe yana goge hannu da tsumma kamar bai ga komai ba.

Daga nan motar ta zama aikinsa na bayan aiki. Ya taso daga gareji, ya yi wanka, ya ci abinci, ya sake ɓata hannunsa a farfajiya. Dokarsa guda ce, ya maimaita mini ita har na haddace: wanda ya san motar nan ranar da ta fito daga kamfani, in ya gan ta yau kada ya ga bambanci, amma in ya taka ta kada ya gane ta. "Ƙarfi a ciki ake sa shi," yake cewa. "Motar da ke shelar kanta a titi, in an zo hawan dutse sai ka ji ta yi tari." Yana kuma da hujjar zaman baƙunci: mai zama da iƙama, takardar izinin zaman baƙo, ba ya son motar da ɗan sanda zai waiwaya ya sake kallo.

Injin nata na asali ya bari, silinda shida a jere, don lambarsa ta yi daidai da ta takarda. Amma ya kai shi wurin masu yashewa aka faɗaɗa ramukan, ya sa manyan fistin. Ya zauna makonni da ɗan dutsen gurza yana goge hanyoyin iska har suka yi santsi, in ka sa yatsa sai ya zame. Ya canja sandar da ke buɗe bawul da wadda ta fi buɗewa. Kafireta biyun nata bai taɓa jikinsu ba, 'yan ƙananan ƙofofin mai na ciki kawai ya sauya. Ya sa lagireto mai kauri saboda zafin Makka, ya shafe shi da baƙin fenti irin na da. Bututun hayaƙi ya sa mai faɗi a ƙarƙashi inda ba a gani, bakin da ke leƙowa a baya kuwa tsohon nan ne siriri. Fenti kaɗai sai da ya sa aka haɗa masa aka sake, aka sake, har mai fentin ya rantse ba zai ƙara shan zoɓo ba. In ka tambaye shi ko ta gama, amsa ɗaya ce shekara da shekaru: "Da saura."

Rigimar da ta raba su a kan kayan ado ta tashi. Wata ƙaramar Salla yaron ya shigo da kwalaye, yana murna, ya ajiye a gaban ubansa: ƙafafun mota masu walƙiya, da fiffiken da ake ɗorawa a baya, da salansa mai ruri irin wadda samari ke tayar wa mutane hankali da ita. Kyauta ce ya kawo, iyakar abin da ya ga zai shigar da shi cikin aikin ke nan. Yaya ya duba kwalayen, ya juyo wurina.

"Ka ce wa wancan motar nan ba 'yar rawa ba ce. Ya mayar musu da kayansu."

"Ka faɗa mini da kanka, ya Abuya!" in ji yaron. "Ga ni a gabanka, wallahi ina da suna, duk unguwa da shi suke kiranka! Ka sayo motar da ka san ƙafata ba ta iyawa, ko kujerarta ba ka taɓa cewa in zauna ba. To me kake so in kawo?"

Yaya ya sunkuyar da kai cikin inji. Yaron ya kwashi kwalayensa ya fita. Ba a daɗe ba ya koma Jidda da zama. Yakan zo da Salla ya gaishe su, ya ci abinci, ya juya. Ranar rigimar nan na yi wa Yaya faɗan da ban taɓa yi masa ba, na ce taurin kai ne ba kunya ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in miƙo masa sukudireba.

Bayan wannan ne ya tsiro da wasu halaye biyu da na mai da su abin tsokana. Na farko matashi. Yaya gajere ne, ni ma haka, mu duka mahaifiyarmu muka biyo. Sai na ga ya fara tuƙi da ƙaton matashi a bayansa, yana miƙa ƙafa kamar mai neman takalmi a ƙarƙashin gado. Na ce, "Ka matso da kujerar mana." Ya ce ta maƙale. Na yi dariya har da hawaye. Mutumin da ya tayar da mataccen inji, wai kujera ta gagare shi. Ko'ina muka zauna sai na ba da labarin, shi kuma ya yi murmushi ya ce a bar shi da matashinsa.

Na biyu kuloci. Da ƙarfin injin ya ƙaru, tsohon kulocin ya fara zamewa, dole ya sa mai ƙarfi, wanda taka shi sai ƙato. Kowane bakanike a nan zai tsaya. Shi kuwa ya fi shekara yana yawo tashlih-tashlih yana neman wata 'yar tukunya mai jan iska, irin wadda ke sauƙaƙa birki, ta jikin wata ƙaramar motar kaya. Ya samo, ba ta shiga ba. Ya sake samowa, ya yanke, ya lanƙwasa, ya cusa ta a wani lungu bayan inji, ya shafe da baƙi. Ya cire ya mayar ban san sau nawa ba, kullum wai bai yi laushi yadda yake so ba. Na ce, "Yaya, ka faɗi gaskiya, gwiwa ta tafi."

Alhali na san gwiwarsa lafiya lau. Wata shekara da ya yi Hajji, da safe ana barin Muzdalifa, bas ɗina ta mutu cike da tsofaffin alhazai, rana tana tasowa. Na kira shi a waya don in ji shawara kawai. Sai ga shi ya ratso taron nan a ƙafa, cikin haraminsa, ya shiga ƙarƙashin bas, ya fito da baƙin mai har ƙirji. Ta tashi. Wata tsohuwa ta yi ta sa masa albarka ta taga. Na ce ya hau in kai shi Mina, ya ce da ƙafa ya yi niyya, ya shige cikin mutane.

A hanyar Muzdalifan nan yake gwada motar. In ba lokacin Hajji ba, wurin fayau yake, tituna masu faɗi babu kowa. Ranar Juma'a bayan Asuba yakan biyo ta Kudai ya ɗauke ni, ni a kujerar gefe, don bai taɓa ba ni tuƙi ba. Wata rana wasu samari a sabuwar mota suka jera da mu, suka ga tsoho a kan matashi, suka yi ta dariya suna ɗaukar mu a waya suna taka totur. Jinina ya hau. Na ce, "Yaya, don Allah nuna musu." Ya ɗaga musu hannu, ya bar su suka wuce. Sai da suka ɓace ya sauke giya ya taka. Bayana ya manne da kujera, hulata ta faɗa baya, injin nan ya yi wata murya mai kauri wadda ban taɓa ji a mota ba, na kama salati. Da ya sassauta na ce, "To me ya hana ka yi haka ɗazu?"

"Ba don su na yi ta ba."

"Don wa ka yi?"

Ya gyara matashinsa ya ce rana ta fito, mu je mu nemi ful, dafaffen waken nan nasu, da burodi. A watanninsa na ƙarshe amsarsa ta canja, in an tambaye shi ko ta gama sai ya ce, "Ta kusa." Allah bai nufa ya ce ta gama ba.

Bayan an tashi makoki, mai sayen nan na Jidda ya zo wata safiya da motar ɗaukar mota, amma lungunmu ya yi mata ƙunci, ta tsaya a bakin titi. Dole wani ya fitar da motar. Yaron ya miƙo mini makulli ba tare da ya dubi motar ba. Na yaye lulluɓin, na zauna. Matashin ba ya nan, matar Yaya ta shigar da shi ɗaki, sai ga ni zaune kan yatsun ƙafata da ƙyar suke taɓa totur. Na laluba ƙarƙashin kujera in ja ta gaba, ko motsi. Raina a ɓace na fito na durƙusa in ga wannan maƙalewar da ta gagari Yaya.

Ba maƙalewa ba ce. An huda sababbin ramuka a bayan na kamfani, an ja kujerar baya fiye da inda aka yi ta ta tsaya, an ɗaure da kusoshi, an shafe kansu da baƙin fenti tsaf. Aikin Yaya ne, ko a mafarki na san hannunsa. Na sa tafin hannu na danna kulocin, ya tafi ƙasa kamar na danna kwaɓaɓɓen fulawa. Na ɗago na dubi yaron nan tsaye a bakin ƙofa, dogo, ya ɗora nauyinsa a ƙafar dama. Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

"Zo ka zauna a nan," na ce masa.

"Ammi, ka san ƙafata. Yalla, mutumin yana jira."

"Ya jira. Ni baffanka ne, na ce ka zo ka zauna."

Ya shigo yana ɓata rai, ya naɗe jikinsa ya zauna. Bayansa ya kwanta a kujerar daidai, gwiwarsa ba ta taɓa sitiyari ba, shi da kowace mota sai ya yi faɗa da kujerarta. Ya ɗaga ido, madubin yana kallon bayansa, bai buƙaci taɓa shi ba. Na ce ya taka na hagun. Ya dube ni kamar na zage shi, sannan ya ɗora ƙafar nan tasa marar ƙarfi. Kulocin ya bi ta har ƙasa. Ya saki, ya sake takawa. Ya sake.

Sai muka ji muryar mahaifiyarsa daga bayan ƙofa, tana cikin takaba ba ta fitowa. Ita ma ba ta kiran sunansa, da ni ta yi magana.

"Ka faɗa masa, bayan ya koma Jidda, Malam ya ce in ba shi tsohon wandonsa da ya bari. Na ga ya shimfiɗa shi a farfajiya yana aunawa da tef. Na ce na mene ne, ya ce in shiga ciki in ji da girkina."

Yaron ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Kukan da bai yi a Harami ba, bai yi a maƙabarta ba, a nan ya yi shi, kafaɗunsa suna girgiza. Ni ma ban tsaya jarumta ba. Da na samu kaina na fita bakin titi na ba mai saye haƙuri, na ce motar tana da mai ita.

Juma'ar da ta biyo, bayan Asuba, na sa matashin Yaya a bayana na kai mu hanyar Muzdalifa, muka yi musanyar kujera. Bai taɓa tuƙa mai kuloci ba, ta mutu a hannunsa ta sake mutuwa, ina yi masa faɗa yana cewa "Tayyib, tayyib, ya Ammi, ka bar ihu." Can ta karɓe shi. Ya shiga ta biyu, ya shiga ta uku, muryar nan mai kauri ta taso, na riƙe hulata. Da ya tsaya a gefen titi ya daɗe hannunsa yana kan giya.

"Ammi, tsakaninka da Allah. Ko sau ɗaya, ko ba na nan, ya taɓa faɗin sunana?"

Na so in yi masa ƙarya, amma ba a yi wa mamaci ƙarya. "Ban taɓa ji ba," na ce. "Amma zan faɗa maka abin da na gani. In aka kira shi da sunansa na yanka, yakan bari a kira sau biyu, wani lokacin ma ya yi kamar bai ji ba. In aka ce Abu wane, da sunanka, ko yana ƙarƙashin mota sai ya fito."

 Ya share fuska da hannun riga, ya taka kulocin da ƙafar hagu, ya tayar da ita.

Motar tana Jidda yanzu, kalar zoɓo, da siririn bakin salansarta, bai ƙara mata ko sitika ba. In samari suka tambaye shi me ke cikinta, sai ya ce tsohuwar mota ce ta babansa. Matashin yana wurina, a bas nake jingina da shi.

Allah ka ji ƙan Yaya, ka yafe masa taurin kansa da namu, ka yalwata masa inda yake kwance, ka sanyaya masa fiye da yadda ya sanyaya wa mutane a titunan garin nan. In ka tashi tara mu, ka haɗa shi da ɗansa a inda babu sauran kunya, ya kira shi da bakinsa. Amin.